Igiyar Rijiyar Kufai

Mutanen Konni ba su taɓa yarda cewa abin da Mushe Labo yake yi aiki ne ba. Mutum ya shekara ashirin da bakwai yana fama da yara a lakwal, wato makarantar boko inda ake ce wa malami Mushe, ya ajiye alli, maimakon ya nemi inuwa ya zauna da tasbaha kamar sa'o'insa, sai ya hau mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, yana bin ƙauyuka yana roƙon tarkace. Karyayyen takobi, galmar da tsatsa ta cinye, akushin da ya dare gida biyu, sirdin raƙumin da ko mai shi ya manta da shi. Duk ya kwaso ya jera a wasu ɗakuna biyu da aka ba shi aro bayan filin samariya, ƙungiyar matasan gari, ya sa aka rubuta a allo da farin fenti wai Ɗakin Tarihi. 'Yan kasuwa, da ba a raba su da tsiya, suka raɗa wa wurin suna Jujin Mushe. Yana ji, yana yin kamar bai ji ba, amma abin yana cin sa.

Daminar shekarar tamanin da shida ta zo da albarka bayan wahalar farin da aka sha. Gero ya yi tsayin da mahayin jaki ke ɓacewa a ciki, hankalin kowa ya kwanta, sai samariya suka ce kafin yara su koma lakwal za a yi makon al'adu a ƙarshen Agusta. Kokawa, langa, wasan kwaikwayo, waƙoƙin 'yan mata, a ranar Alhamis kuma kumandan, babban jami'in gwamnati na Konni, da kansa zai leƙa Ɗakin Tarihi. Aka faɗa a rediyo, aka ambaci sunan Labo har sau biyu. Ranar ko tuwo bai iya ci ba don murna. Washegari da ya buɗe ɗakunan ya dube su da idon baƙo, sai murna ta koma ciki. Ashe 'yan kasuwa sun fi shi gaskiya. Babu abu ɗaya a ciki da zai sa mutum ya tsaya ya yi shiru.

A nan ne ya tuna da igiyar Tsahara.

Can gaba da Dogarawa, in ka bar gudiro, titin kwalta, ka bi hanyar amalanke, akwai wani ƙauye da ake kira Tungar Isufu, gabas da shi kuma akwai kufai. Babu abin da ya rage a kufan sai tudun ganuwa da ruwa ya zaizaye, da wata rijiya da ta cike har saura kamar gaba biyu. Mutanen Tunga suna cewa shekarar da rundunar Nasara ta ratso ƙasar tana ƙona garuruwa, a nan kakanninsu suke zaune. Wata yarinya mai suna Talatu ta ɓuya a rumbu kwana biyu. Da ta fito ba ta tarar da kowa a gari ba, sai a cikin rijiya. Ta ɗauki igiyar guga, ta fata ce mai saƙa uku, ta bi gida gida, duk wanda ta san yana ƙasa sai ta tsinci wani ɗan abu nasa ta ƙulle a jikin igiyar. Talatun nan ita ta haifi Tsahara. Tun daga lokacin, duk shekara in gero ya nuna, ba mai sa tumu a baki a Tungar Isufu sai an je bakin rijiya ranar Juma'a, mai igiya ta bi ƙulli ɗaya ɗaya da yatsa ta kira sunan mai shi, jama'a su yi masa addu'a.

Labo ya tarar da tsohuwar a ƙofar ɗakinta tana ɓare waken bara. Idonta ya daɗe da tafiya, amma kunne garau. Ɗanta Mumuni, wanda shi ne maigari, ya yi masa iso.

"Inna, ga baƙo daga birni. Mushe Labo na, wanda anka faɗa ga rediyo."

"Na ji ƙarar abin hawanai tun daga fadama," in ji ta. "Lahiya dai, ɗana?"

Labo ya durƙusa ya gaishe ta, ya kwashe bayani kaf, da makon al'adu, da zuwan kumandan, da aron kwana takwas kacal. Ta bar shi ya gama, hannunta bai daina ɓarar wake ba.

"Mi za a yi da ita can?"

"Mutane su gani, Inna. Yaran yanzu ba su san abin da anka yi ma kakanninsu ba."

"Su gani, su yi mi?"

Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana yi wa yara tambaya, yau ga shi shi ake yi wa. Don ya rufe kunya ya zaro kaye da bik, littafin rubutu da biro, daga aljihu, ya ce to ko sunayen ta faɗa masa ya rubuta, saboda halin rayuwa. Tsohuwa ta yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba.

"Ruhe takardarka. Ba a kiransu cikin gida. Wanda ka kira cikin gida, cikin gida shika amsawa. Ni kaina in babu igiyar ga hannuna, ko yanka ni za ka yi ba ni iya kawo maka su. Yatsana ya san su, kaina bai sani ba."

Da a nan maganar ta mutu, Allah ya sani da an huta. Amma Mumuni yana da tasa damuwar. Matan Tunga tafiyar rabin wuni suke yi neman ruwa da rani, shi kuma ya gaji da kai kuka buro, ofishin kumandan, ana ce masa gobe. Ya matso ya ce, "Inna, in kumandan ya ga igiyar ya ji sunan garinmu, wa ya sani, ko a tuna da mu a haƙa muna rijiyar siminti." Tsahara ta ci gaba da ɓarar wakenta har Labo ya fitar da rai. Can ta dafa ƙasa ta tashi, ta laluba ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙunshi a cikin tsohon zane, ta ɗora masa a hannu biyu.

"Juma'a ta sama za mu buɗe tumu. Kahin rana ta take tsaka ta kasance ga hannuna, kamar yadda ka ɗauke ta."

Labo ya rantse da Allah, ya ƙara da kabarin ubansa, ba tare da an tambaye shi ba. Rantsuwa ai ba ta yi wa mai son abu wuya. Ya ɗaure ƙunshin a bayan mobilet ya kama hanya yana waƙa.

Ya rataye igiyar a bangon gabas na ɗaki na biyu, a kan ƙusoshi huɗu, ya rubuta tarihinta da kyakkyawan rubutunsa na malaman da. Kai, igiyar nan ta yi abin da ya so. Baƙa ce wuluk don tsufa da man hannu, tsawonta ya kai gaba shida, ƙulle-ƙulle jere a jikinta, kowane da abin da ya riƙe. Wannan wuri irin na kuɗin da, wancan guntun baƙin saƙi, ga mazarin kaɗi, ga zoben tagulla ɗan mitsitsi wanda sai yatsan jariri, ga kan kibiya, ga ɓallin ƙwarya, ga 'yar laya da ta ƙanƙance. Mutane sukan shigo da surutu daga filin kokawa, suna tsokanar takobi da akushi, in sun iso gabanta sai murya ta sauka da kanta. Wata mai tuwo-tuwo karanta mata aka yi, ta fita tana share ido da bakin mayafi. Har mai kantin da ya ƙirƙiro Jujin Mushe ya zo, ya tsaya, ya cire hula ya mayar, ya fita. Labo ya ji sanyi a ransa irin wanda bai taɓa ji ba.

Inusa ne kaɗai bai yi murna ba. Shi ne mai gadin wurin, tsohon soja, mutum ne da ba a san shi da tsoro ba, amma ya ƙi sharar ɗakin in rana ta ɗaga.

"Mushe, ni dai na faɗa maka. In rana ta take, igiyar ga tana ƙara, kamar ana jan guga cike."

"Zahin kwano na, Inusa. Fata in ta ji zahi dole ta motsa."

"To," in ji Inusa, ya ɗauki tsintsiyarsa ya koma waje.

Ranar Litinin da asuba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai ɗaki aka ce shi ya san inda yake masa yoyo, to Labo ya san na ɗaki na farko, ya tara kwanoni a ƙarƙashi tun farkon damina. Na ɗaki na biyu sabo ne, iska ce ta ɗaga kwano ɗaya daidai bangon gabas. Da ya buɗe da safe ya ga igiya sharkaf, tana ɗiga, ta kumbura ta yi laushi, ɗakin yana warin jima. Ya matse ta da zane, ya buɗe taga, ya ce zuwa gobe ta sha iska. Washegari Talata sai ga farin fumfuna ya fito a wuyan kowane ƙulli.

Labo ɗan manomi ne, a hannun ubansa Salisu ya koyi rainon igiyar fata, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sa ko raƙumi ya san abu ɗaya: fata in ta jiƙe a ƙulle, daga ƙullin take ruɓewa. Maganinta a kwance, a shanya a inuwa, a shafa man shanu. Babu ɗan ƙauyen da zai ga igiya a wannan hali hannunsa bai yi ƙaiƙayi ba. Ya tsaya yana kallonta, yana ganin ranar Juma'a ya miƙa wa makauniya guntaye ruɓaɓɓu. Ya ce a ransa, ai gyara ne. Zai kwance su ɗaya ɗaya, ya jera abin kowane a tabarma bi da bi, in ta bushe ya mayar kamar ba a taɓa ba.

Ƙullin da ya shekara tamanin da bakwai ba a taɓa shi ba, ruwa ya sa ya saki kamar jira yake. Labo ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi ta tsakar gida, ya jera su daga dama zuwa hagu. Talatin da uku. Shi ne ma mutum na farko da ya taɓa ƙirga su, don mutanen Tunga ba su ƙirga matattunsu. Ya shafe igiyar da mai, ya rataye a reshe, kowane gurbin ƙulli ya bar lanƙwasarsa a jikin fatar. Ya shiga ɗauko kaye don ya zana jerin, sai ga ɗan aike daga buro, wai ya zo maza a tsayar da inda za a ajiye kujerar kumandan. Minti biyar, in ji ɗan aike. Inusa kuwa ya tafi kasuwa. Labo ya dubi sama, tas take, ya ja ƙofa ya bi shi.

Minti biyar na buro, wa bai san shi ba? Ana gardamar kujera da tuta har bayan azahar. Labo yana tsaye a baranda ya ji iska ta juya, ya ɗaga kai ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Bai yi sallama da kowa ba. Ya zura da gudu, dattijo mai shekara hamsin da biyar, riga tana tashi, yara suna yi masa dariya, amma hadarin ƙarshen damina ba ya jiran kowa. Kafin ya kai, iska ta naɗe tabarmar ta maka ta da katanga, ruwa ya sauko a kai.

Ya yi rarrafe a cikin taɓo har magariba. Inusa ya dawo ya same shi haka, ya tuɓe takalmi ya durƙusa kusa da shi. Suka tsinto wuri a bakin magudana, mazari a gindin randa, zoben jariri a cikin kofaton akuya da ya cika da ruwa. Suka tace taɓon tsakar gida da rariya. Suka bi magudanar har titi. Da suka wanke suka jera, talatin da biyu. Labo ya sake ƙirgawa, ya sake, ya sa Inusa ya ƙirga. Talatin da biyu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya rufe ido ya nemi ya tuna wane ne ya ɓace, ya kasa. Da safe da hannunsa ya kwance shi, amma ko kamanninsa babu a kansa.

Daga ranar ɗaki na biyu ya canza masa. Ba ya ganin komai, ba ya jin komai, ƙarar da Inusa yake faɗa ma ta daina. Sai dai in rana ta take, mutane sun watse cin abinci, yakan ji kamar akwai wani tsaye a bayansa, dab da ƙofa. Ba mai mugunta ba, mai jira. Malamin lakwal ya san wannan tsayuwar, irin ta yaron da aka kira sunan kowa da safe aka tsallake nasa, ya kasa zama ya kasa magana. Labo yakan juya ya ga ƙofa a buɗe, hasken rana kwance a ƙasa, sai tausayi da tsoro su kama shi. Sau ɗaya har ya buɗe baki ya ce, "Wa ke nan?" Muryarsa ta ba shi kunya.

Laraba ya mayar da ƙulle-ƙullen. Jerin ya riga ya tafi, sai ya bi yadda zuciya ta ba shi, kowane a kan wata lanƙwasa. Saura gurbi ɗaya, fayau, kusa da tsakiya. A ɗaki na farko yana da tulu cike da wuri da wani tsohon ɗan koli ya ba shi. Ya daɗe tsaye a gaban tulun. Ya san abin da ya kamata, ya hau mobilet tun yau ya je ya faɗi a gaban tsohuwa ya faɗa mata gaskiya. Amma gobe kumandan zai zo, kuma igiyar dama akwai wuri a jikinta, tsohuwar kuwa ba ta gani. Ya zaɓi wanda ya fi tsufa ya ƙulle. Inusa yana bakin ƙofa yana kallo, ya girgiza kai ya ce, "Mushe, garin neman gira kada a rasa ido." Labo ya ce masa ido ai ya riga ya tafi, ya je ya yi shararsa.

Kumandan ya zo Alhamis da la'asar, da jandarma biyu da mai ɗaukar hoto. Ya yi minti huɗu a ciki. Ya tsaya gaban igiyar ya gyaɗa kai, ya ce da Faransanci abin sha'awa ne, ya duba agogo, don ana jiransa ya ba da kyautar kokawa. Labo ya faɗi sunan Tungar Isufu sau biyu, ya soma maganar ruwa, ganga ta tashi a fili ta cinye sauran. Shi ke nan abin da aka yi wa duk wannan wahala.

Juma'a da hantsi Labo ya isa Tungar Isufu. Garin duka ya riga ya fita kufai, maza gaba, mata a baya, liman a gefe da buzunsa. Gero ya kewaye wurin ta ko'ina, ya sunkuyar da kai don nauyi. An hura wuta nesa kaɗan ana gasa tumu, ƙamshin ya cika wurin, yara suna haɗiyar yawu, ba mai ikon taɓawa. Tsahara tana zaune a kan wani tsohon gungume a bakin rijiyar, gungumen duk zanen igiyoyin mutanen da. Kusa da ita wata mata tana riƙe da faifai cike da zangarniyar sabon gero. Mumuni ya tarye shi da fara'a yana tambayar abin da kumandan ya ce. Labo ya ce sai an natsa.

Ya durƙusa ya ɗora ƙunshin a cinyar Tsahara. Ta kwance zanen, ta shinshina.

"Ta sha mai," in ji ta.

"Ruwa ya taɓa ta, Inna, na gyara."

Ta yi bisimilla, ta kama bakin igiyar, yatsanta ya sauka a ƙulli na farko, sai ya tsaya. Bakinta ya riga ya buɗe da wani suna, ta haɗiye shi. Ta murza abin da ke cikin ƙullin, ta sake murzawa, kamar mai neman ƙofa a ɗakin da aka sauya wa kaya. Sannan ta sunkuya ta kira cikin rijiya.

"Umaru maƙeri."

"Allah shi jiƙan shi," jama'a suka amsa. Mai faifai ta ajiye zangarniya ɗaya a bakin rijiyar, rabon mamaci, wanda ake bar wa tsuntsaye sadaka.

Tsofaffin wurin suka soma duban juna, don tun suna yara ba da maƙeri ake farawa ba, ko da yake ba mai iya cewa da wa ake farawa. Abin da aka saba ji yana gudu kamar karatun allo, yau tsohuwa tana tsintarsa da ƙyar. Kowane ƙulli sai ta tsaya, ta laluba, gumi yana bin goshinta. Uwa ta rabu da ɗanta, mata ta riga mijinta, jariri mai zobe ya faɗo tsakanin maharba biyu. Amma tana samo su. Duk sunan da ya fito sai Labo ya ji numfashi ya dawo masa kaɗan, har ya soma sa rai ko Allah zai rufa asiri.

Ta iso tsakiya. Yatsanta ya taɓa wurin, ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Ta mayar a hankali, ta juya shi, ta kai shi kunne, ta kai shi hanci.

"Wanga baƙo na," in ji ta. "Ban san shi ba."

Can gefe tumu yana fashewa a wuta. Ta tsallake shi ta ci gaba, ta kira sauran har ƙarshen igiya, ana amsawa ƙasa ƙasa. Sannan ta dawo da hannu baya ta kama baƙon ƙullin ta riƙe.

"Ɗana, wa ya kawo shi?"

Labo ya faɗi gaskiya, duka, a gaban maza da mata da yara, da yoyon, da tabarmar, da kujerar kumandan, da tulun wuri. Yana faɗa hawaye yana zuba a gemunsa, bai share ba. Mumuni ya zaburo zai yi magana, ta ɗaga masa hannu ya koma.

"Mi ka kwance daga nan? Ƙarhe na, ko zare, ko ƙashi?"

"Wallahi Inna ban tuna ba."

Ta juya fuska wajen tsofaffi ta ce wa ba a kira ba. Suka yi ta ƙus-ƙus. Wani ya kawo suna, aka ce an kira shi. Wata ta kawo wani, aka ce wannan da ciwon ciki ya mutu bayan an koma Tunga. Shekara da shekaru amsawa kawai suke yi, ba su taɓa zaton za a tambaye su ba. Tsahara ta rufe makafin idanunta, leɓenta yana motsi, ta koma farko tana neman jerin uwarta, sai ya tsinke mata a na huɗu. Ta sake, ya tsinke. Labo bai taɓa ganin baƙin ciki irin wanda ya gani a fuskar nan ba, kuma ya san shi ya kawo shi.

Rana ta take tsaka. Ta sa haƙori ta kwance ƙullin, ta jefar da wurin cikin gero.

"Gurbi ba shi zama wohi," ta ce. "In anka bar shi, mai shi ya yi ta tsayuwa ke nan, ba shi ciki ba shi waje. Matso, ɗana."

Ya matso. Ta laluba ƙirjinsa ta kama maɓallin rigarsa na sama, ta fizge shi da ƙarfin da bai zaci tana da shi ba. Ta sa shi a lanƙwasar, ta ƙulle, ta ja da hannu biyu.

"Kai za ka riƙe mai gurbinai. Ranar da ya tuna mini da kainai, in sake ka. In na riga mutuwa, wadda ta gaje ni haka za ta iske igiyar. Wa sunan ubanka?"

Liman ya yi gyaran murya, ya dubi tsohuwa, ya dubi ƙasa. Labo ya waiwaya ya dubi hanya. Yana iya tashi ya hau mobilet ɗinsa, ba mai riƙe shi.

"Salisu," ya ce.

Tsahara ta sunkuya kan rijiyar.

"Labo ɗan Salisu."

Sunan ya sauka ƙasa bai dawo ba. Jama'a suka zuba masa ido, ga mutum durƙushe a gabansu yana numfashi. Sai muryar wata tsohuwa ta fito daga baya, sauran suka bi ta.

"Allah shi jiƙan shi."

Mai faifai ta ajiye zangarniya ta talatin da uku a bakin rijiyar. Liman ya shafa fatiha, yara suka sheƙa wajen wuta, aka soma rabon tumu, hayaniya ta dawo. Matar mai faifai ta bi sahun maza tana zuba wa kowa a tafin hannu. Da ta iso kan Labo ya buɗe nasa hannun. Ta dube shi, ta dubi zangarniyar da ke bakin rijiya, ta sunkuyar da kai ta wuce wurin na kusa da shi.